Gashin Agwagwa a Maƙogwaron Baƙo

A ƙauyenmu na Kwazazzabon Hankaka, can cikin duwatsun Yunnan na ƙasar Sin, idan aka ambaci Pu Guixiang ba wanda zai fara da cewa ta fi kowa iya soya laimar kwaɗi, alhali kuwa ta fi. Abin da za a fara gaya maka shi ne ranar da ta sa mata huɗu suka danne wani Bature a tsakar gidanta, ta zura masa gashin agwagwa har maƙogwaro, mutumin da yawon buɗe ido kawai ya kawo shi. Ana ba da labarin ana dariya. Amma waɗanda suke wurin ran nan ba su cika yin dariyar da ƙarfi ba.

Yaya ta Uku ake kiranta, don ita ce ta uku a ɗakinsu. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk ya rine, ga murya da ke tsallake kwazazzabo ta dawo. Tun tana shekara bakwai take bin uwarta daji idan damina ta zauna, su tafi da kwando a baya, su dawo da laima iri-iri: mai ƙamshin kaza, mai kama da hantar sa, da kuma sarauniyarsu, wadda muke kira taɓa-ni-in-yi-shuɗi, don da ka ɗora mata yatsa wurin zai koma shuɗi kamar an mare ta. Wannan ita ce mafi daɗi a duniya in ta soyu. In ba ta soyu ba, sai ka ga ƙananan mutane.

Kowa a wajenmu ya san ƙananan mutanen nan. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, suna sa kaya masu launi, suna tafiya a jere a kan tebur, su hau bango, su sauko ta labule. Rabin ƙauyen sun taɓa ganinsu, kuma har yau ba ka jin wanda ya ɗora wa laimar laifi. Mutum zai tashi daga gadon asibiti da allura a hannu ya ce, "Ai wutar ce ba ta yi ƙarfi ba." Baɗi ya koma.

Yaya ta Uku ce kaɗai ba ta wasa da zancen. Tana da ƙane, Guisheng, wanda ta goya a bayanta. Shekarar da ta yi aure ya soya wa kansa laimar a gona, cikin gaggawa, wataƙila har da wata farar laima da ta shige kwandon ba a gani ba. Da la'asar ta same shi kwance rubda ciki a bakin garka, yana murmushi, ya miƙa tafin hannu a ƙasa yana raɗa, "Ku hau mana, ku hau." Kowa ya yi dariya, har da ita. Aka ce gobe zai ware. A rana ta uku idanunsa suka yi ɗorawa, a ta biyar aka kai shi makabarta a bayan tudu.

Tun daga nan girkinta ya zama doka. Yanka siriri, kowane yanki kaurinsa ɗaya. Mai da yawa, tafarnuwa cike da hannu, barkono busasshe. Da laimar ta shiga kasko za ta kunna turaren tsinke ta soke a jikin murhu, kuma sandunan cin abinci na gidan gaba ɗaya suna cikin aljihun rigar girkinta, ba mai ganin ko ɗaya sai turaren ya cinye ƙurmus. Cokalin suya biyu take amfani da su. Na farko ta juya ɗanyen da shi, in an kai rabi ta jefa shi cikin ruwan wanke-wanke ta ɗauki na biyu, saboda yankin da ya liƙe a bayan cokali bai ga mai sosai ba, kuma shi ne mai kisa. Shekara talatin da takwas tana ciyar da dangi, da masu gini, da 'yan birni da suka fara hawowa da motoci, ba wanda ya taɓa ganin ko hular ƙaramin mutum ɗaya daga kaskonta.

Mijinta, Tsoho Duan, mutum ne siriri mai sanyin hali, wanda ya daɗe da gane cewa zaman lafiya yana cikin "to". Aikinsa hura wuta da ɓare tafarnuwa. Lokaci-lokaci yakan yi gunaguni cewa a zamanin kakansa ana sauke laimar tana ɗan ƙaras-ƙaras a baki, ba sai ta yi laushi kamar tsumma ba.

"Kakan naka da ya mutu yana gaida tulu?" in ji ta.

"To," in ji shi.

Ta saba da shi a gindin murhu har ta daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin dokin ƙofar ɗakinsa.

Baturen ya iso da hantsi, a tsakiyar watan ruwa. Direban ƙaramar bas ya sauke shi a bakin gidan, ya ce zai dawo ya ɗauke shi kafin faɗuwar rana, ya juya. Ɗan ƙasar Holan ne, dattijo, mai gashi kamar audugar rimi, tsayinsa kuwa sai da ya rusuna sau biyu kafin ya shiga zaure. Sunansa ya gagari bakin kowa, aka bar shi a Dogo. Da kyamara rataye a wuya, bakinta kamar na turmi. A harshenmu abu biyu ya iya: "na gode" da "da daɗi". Da su ya zagaye rabin ƙasar, kuma ga dukan alamu ba su taɓa ba shi kunya ba.

Tun safe ranar ba ta yi wa Yaya ta Uku ba. Kwana tara ana ruwa. Gajimare ya sauko ya zauna a kan rufin gidaje, rafi ya koma ja yana jan duwatsu ana jin su suna gurnani a ƙasa, hankaki sun cika bishiyar bakin ɗakin bauta amma ko ɗaya bai yi kuka ba. Waya ta ɗauke tun jiya. Duk da haka baƙo baƙo ne. Ta nuna masa kujera, ya ƙi zama, ya biyo ta madafa yana ɗaukar hoton komai: barkonon da ke rataye, hayaƙi, hannunta. Da ta taɓa laimar ta yi shuɗi, ya yi ihu kamar an nuna masa sihiri.

Turaren ya kai rabi, ta ɗaga cokali na farko, ta ga yanka biyu manne a bayansa, masu ƙyalli, gefensu da sauran shuɗi. Ta juya za ta jefa shi a ruwa ke nan sai ƙasa ta girgiza.

Ba tsawa ba ce. Ƙara ce doguwa, mai nauyi, kamar ana jan niƙa a ƙarƙashin ƙafa. Kwanoni suka yi ta kaɗawa a kan kanta. Ta ajiye cokalin a gefen murhu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita a guje. Daga bakin garka ta ga gefen dutsen gabas ya zame gaba ɗaya, da bishiyoyinsa a tsaye, ya kwanta a kan titi. Inda hanyar mota take ɗazu babu komai sai jan laka mai tururi. Maƙwabta suka firfito suna ƙirga junansu. Ba wanda ya ɓata. Tsoho Duan ya iso daga baya yana jan takalmi, ya duba, ya ce, "To."

Da ta koma madafa Dogo yana tsaye shi kaɗai a gaban kasko, yana tauna wani abu, leɓɓansa suna ƙyalli da mai. Cokalin yana inda ta bar shi. Bayansa fes, kamar an wanke.

Ta ɗauki cokalin ta kai masa har hanci. Ta nuna bayan, ta nuna bakinsa, ta ɗaga gira.

Dogo ya yi murmushi, ya shafa ciki, ya ce, "Da daɗi!"

Yanka biyu. Wani ya ci biyar ya tashi da ciwon kai kawai, wani ya ci ɗaya ya kwana asibiti. Asibitin kuwa yana bayan wancan tarin lakar. Ta gama suyar don hannunta ya san hanya ko ba ita, turaren ya cinye, ta fito da sanduna. Dogo ya ci shinkafa kwano uku, da laimar, da cukun akuya soyayye, da miyar ganyen kabewa, yana ta zuba "da daɗi" bayan kowace loma. Ita ko hatsi ɗaya ba ta kai baki ba. Idanunsa take kallo.

Bayan abinci ya rataya kyamararsa ya fita ganin gari, ta ɗauki kwando ta bi shi daga nesa kamar mai neman ciyawar zomo. Ya tsaya a gonakin shinkafa masu hawa-hawa, waɗanda rabinsu ya ɓace cikin gajimare. Ya gaida ɓaunar gidan Zhao da rusunawa. Ya daɗe a gaban tsohon dandalin wasa yana kallon dodannin da aka sassaƙa a ginshiƙi. Duk wannan ba komai, in ji ta a ranta, 'yan birni ma haka suke. Goggo Zhao, maƙwabciyarta kuma abokiyar faɗanta tun suna amare, ta leƙo ta katanga.

"Ke Yaya ta Uku, da girmanki kike bin namiji a lungu? In gaya wa Tsoho Duan?"

"Rufe min baki. Ya lashe cokalin farko."

Dariyar ta mutu a fuskar Goggo Zhao. Ta dubi dutsen da ya zame, ta dubi Baturen, ta ajiye tsintsiyarta ta biyo baya.

A gindin bangon ɗakin bauta abin ya faru. Dogo ya tsaya cak. Ya durƙusa a hankali. Sannan, duk tsayin nan nasa, ya kwanta rubda ciki a kan jiƙaƙƙen dutse, ya kafe ido a kan gansakukar bango inda babu komai. Ya fara murmushi. Ya fara raɗa da harshensu, irin muryar da ake lallashin jariri da ita. Ya miƙa yatsa ɗaya, sannu-sannu, ya ajiye shi a ƙasa yana jira wani abu ya hau.

Yaya ta Uku ba Bature ta gani ba. Guisheng ta gani, da ƙurar gona a gashinsa. Waccan karon dariya ta yi. Wannan karon ta ajiye kwando.

"Kira min matan gidan Li su biyu, da surukarki. A ɗora ruwa. Ki kamo min agwagwa."

Sun dawo da shi gida ba gardama, don mutum ne mai ladabi. Da aka zaunar da shi a tsakar gida, mata suka kewaye shi, aka miƙo masa kwano da hannu biyu, sai ya ɗauka wata karramawa ce ta mutanen dutse. Ruwan ɗumi ne da gishiri cike da tafi. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya daure ya shanye, ya rusuna ya ce, "Na gode." Aka ƙaro. Ya shanye na biyu, hawaye na zuba. A na uku ya yi ƙoƙarin cewa "da daɗi", muryar ta ƙi fita.

"Ka ga mutumin kirki," in ji Goggo Zhao tana naɗe hannun riga. "Kaico. Ki kama waccan kafaɗar. Tsoho Duan, ƙafafu."

Tsoho Duan ya zauna a kan ƙafafun baƙon, ya ce, "To."

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa dalla-dalla ba. Gashin agwagwa ya shiga, shinkafa kwano uku ta fito, da cuku, da ganyen kabewa, da wani abu da matan Li suka rantse karin kumallon shekaranjiya ne. Yaya ta Uku ta riƙe masa goshi da hannu ɗaya tana cewa, "Fito da shi, ɗan'uwa, fito da shi duka, ba za ka mutu a gidana ba." Ba ya jin ko kalma, amma da ya ɗago ya ga fuskarta sai ya daina fizge-fizge.

Da aka sake shi ya zauna yana haki, ta durƙusa a gabansa ta nuna tsawon ɗan yatsa, ta yi tafiyar ƙananan ƙafafu da yatsu biyu a kan gwiwarta, ta nuna idanunsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo kyamarar, ya danna, ya juyo mata da gilashin. Wani ɗan gizo-gizo ne, wanda a fili bai kai ƙwayar gero ba, ga shi nan ya cika hoto, da manyan idanu huɗu a gaba da ja da kore a baya, tsaye a kan gansakuka. Ya danna, ga wani. Ya danna, ga ɗaruruwa, daga ƙasashe iri-iri. Ashe duniya mutumin yake zagawa yana kwanciya a gindin bango. Ya kuma ɗauki guntun cuku daga tebur, ya nuna madafa, ya nuna Tsoho Duan, ya yi alamar an miƙo masa. Abin da yake tauna ɗazu ke nan.

Ruwa na ɗiga daga indararo. Surukar Goggo Zhao ta fara ƙunshe dariya, sai wata murya mai sanyi ta fito daga ƙasa.

"Goggo Zhao, ɗan ɗaga ƙafarki ta hagu. Kin taka musu tuta."

Tsoho Duan ne. Yana zaune a kan daɓe inda aka bar shi, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana murmushi irin wanda matarsa ba ta gani ba tun yana saurayi. Ya buɗe tafin hannunsa a ƙasa.

"Uban yara," in ji Yaya ta Uku, kuma ba wanda ya taɓa jin muryarta ƙarama haka. "Kai ne?"

"Biyu ne kacal, uwar yara. Suna ƙaras-ƙaras, yadda na gaya miki." Ya karkata kai yana saurare. "Sun ce akwai biki a bayan tudu. Sun ce har da Guisheng."

An yi masa ruwan gishiri, an yi gashin agwagwa, amma awa huɗu sun wuce, abin ya riga ya bi jiki. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Mazan ƙauye masu ƙarfi suna birni wurin aiki, waɗanda suka rage duk sa'anninsa ne. Hanya ɗaya ta saura, tsohuwar turbar alfadarai da ta haura tudu ta sauka a bayan zaftarewar, tafiyar awa biyu ga mai lafiya a ranar da ba ruwa.

Ba wanda ya roƙi Dogo, ba ma yadda za a roƙe shi. Ya dubi tsohon, ya dubi matar, ya cire kyamarar ya rataya wa Goggo Zhao a wuya. Ya durƙusa ya juya baya. Mutumin da babu ko ƙwayar shinkafa a cikinsa.

Yaya ta Uku ta ɗaure mijinta a bayan baƙon da majanyin da ta goyi 'ya'yansu, ta shige gaba da sanda. Gajimare ya haɗiye su tun kafin su wuce gonar ƙarshe. Turbar faɗinta taku biyu, dama dutse, hagu babu komai sai farin hazo da kukan rafi can ƙasa. Lokaci-lokaci tsakuwa takan gangaro daga sama ta wuce gabansu, su tsaya su saurara ko uwarta na biye. Tsoho Duan kuwa hira yake ta yi, yana jan kunnen Dogo ta hagu kamar linzami.

"Nan za mu ratse. Ga su can sun shimfiɗa gada. Ja ce, mai kyau."

"Ba gada, uban yara."

"Akwai mana. Ga ƙanenki a tsakiya yana ɗaga hannu."

Ta dawo baya ta bi ta gefen ramin, ta sa jikinta tsakaninsu da hazon, ta kama ɗamarar mijinta. Ba ta dubi hagu ba ko sau ɗaya. Daga baya ta ce ba tsoron faɗawa take ba, tsoron take kada ita ma ta gani.

"Ka gaya musu ba ka da sanduna," in ji ta. "Suna aljihuna. Ba mai zuwa biki ba sanduna."

Tsohon ya yi nazari. Shekara talatin da takwas ba wasa ba ne.

"To," in ji shi.

Sau biyu Dogo ya durƙushe a kan gwiwa, sau biyu ya tashi. Rana na gab da faɗuwa suka sauko kan kwalta, inda direban bas yake tsaye yana kallon tarin laka yana tunanin yadda zai yi bayanin ɓatan Bature guda.

Kwana huɗu Tsoho Duan ya yi a asibitin gunduma. Kowace safiya matarsa takan buɗe masa fatar ido da yatsa ta duba farin. Bai yi ɗorawa ba. Da likita ya tambaye shi ko ya ɗauki darasi, ya ce ya ɗauka: laimar ba ta da laifi, cokalin ne.

Dogo ya kwana ɗaya a gadon kusa da shi ana ƙara masa ruwa. Da kaka ta yi, wasiƙa ta iso da hoton gizo-gizon nan, an wanke shi babba. Yana rataye a madafa har yau, saman murhu. Cokalin farko kuma yanzu da igiya yake, ɗaure a ƙugunta, ko dutse ya zame tare za su fita.

Ba a bar ta ta huta ba, ba kuwa za a bari ba. Duk shekara in laima ta fito, mata suka zauna a bakin rafi suna wanke kwanduna, Goggo Zhao sai ta tsinci gashin agwagwa ta ɗaga sama.

"Likita! Ga kayan aikinki. Ke dai kin iya magani, Yaya ta Uku, ganin mara lafiyar ne ya gagare ki. Mijinki na zaune a gabanki yana gaisawa da jama'arsa, kin tsallake shi kin kama bawan Allah mai lafiya kin juye shi kamar buhu!"

Yaya ta Uku ba ta ɗago daga kwandonta. Takan karkaɗe ruwan hannunta, ta ce:

"Ni dai yadda uwata ta koya min na yi. A gidanmu, kome aka dafa, baƙo ake fara zuba wa."